Kama da Wane Ba Ta Wane: Zaɓen Kalmar Ingilishi ga Abubuwan Karkarar Kano

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa gyara aikin fassara na ɗalibai daga Hausa zuwa Ingilishi ya san wata wahala wadda littattafan nahawu ba su cika kula da ita ba. Ɗalibi ya kan gina jimlarsa sumul, ba kuskuren nahawu, ba na rubutu, amma in baƙo ya karanta sai ya hango wani abu dabam da wanda ɗalibin ya ke nufi. Dalili kuwa shi ne, sa'ad da ɗalibin ya buɗe ƙamus ya kan tarar da kalmomi uku ko huɗu a jere, waƙafi kaɗai ya raba su, sai ya ɗauki ta farko, ko wadda ta fi masa daɗin faɗa, yana tsammani duk ɗaya ne.

Bara na ba ajina wata 'yar takardar shaida, irin wadda a kan rubuta gaban mai unguwa, inda wani manomi ya jinginar da gonarsa. Waɗansu suka fassara jingina da "mortgage", waɗansu da "pledge", waɗansu da "pawn", har da wanda ya sa "lease". Na tambaye su, wa zai nome gonar nan bana? Suka amsa baki ɗaya, wanda ya ba da kuɗi. To, ga shi duk sun san al'amarin sarai, gama yawancinsu 'ya'yan manoma ne, amma fassarar da yawa daga cikinsu ta gaya wa mai karatu akasin abin da suka sani. Wannan shi ya sa na rubuta wannan maƙala. Nufina in nuna cewa kowace kalmar Ingilishi tana tafe da hoton ƙasar da aka haife ta, kuma wanda zai zaɓi ɗaya daga cikin masu kama da juna, tilas ya fara tambayar abin da baƙo zai gani a zuciyarsa in ya ji ta.

Ƙasar da a ke magana a kanta

Na ɗebo misalaina daga karkarar da ke arewa da birnin Kano, watau ƙasashen Ungogo, Minjibir, Dawakin Tofa, Bichi, Makoɗa da Dambatta. Wanda ya bi hanyar Katsina ta Dawanau da Bichi, ko ya bi ta Daura ta Dambatta, zai ga gona na bin gona, gida na hangen gida, ba daji a tsakani sai itatuwan da aka bari da gangan: gawo, ɗorawa, kuka, tsamiya da rimi. A kan nome gona kowace shekara ba hutu, taki ke riƙe da ita. Matafiya irin su Clapperton a 1824 da Barth a 1851 sun ga wannan ƙasa sun yaba yawan nomanta. A 1965 M. J. Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka buga bincikensu a kanta, suka yaɗa sunan da masana ke kiranta da shi har yau, "close-settled zone".

Sunan nan ma kansa darasi ne. Da sun so da sun ce "crowded", ko "overpopulated", amma waɗannan biyu hukunci ne, suna nuna mutane sun yi wa ƙasa yawa. Kalmar da suka zaɓa kuwa siffa ce kawai, ta faɗi yadda a ke zaune kurkusa, ta bar hukunci ga bincike. Bahaushe yana da tasa kalmar tun da daɗewa, watau karkara, ƙasar da ta nomu ta zaunu kewaye da gari, kishiyar daji. A Hausar rediyo ta yau karkara ta zama fassarar "rural" gaba ɗaya, har tsohuwar ma'anarta ta fara dushewa ga yara. Ya kamata malami ya tuna musu da ita.

Inda wahalar ta ke

Masu ƙamus sun yi mana babban aiki, tun daga Bargery a 1934 da Abraham a 1949, zuwa Skinner a 1965, da Roxana Ma Newman a 1990, da Paul Newman a 2007. Amma ƙamus jera kalmomi ya ke yi, ba shi da filin da zai tsaya ya yi bayanin inda kowace ta dace. In an duba da kyau, kalmomin Ingilishi masu kama da juna su kan bambanta ta ɗaya daga cikin hanyoyi huɗu. Ta farko, bambancin ƙasa: wata ta Ingila ce, wata ta Amurka, wata ta Afirka ta Yamma. Ta biyu, bambancin masu magana: wata ta masana ce, wata ta 'yan kasuwa, wata ta tsofaffin ma'aikatan mulkin Turawa. Ta uku, bambancin abin da kansa, watau kalmomin biyu ba abu ɗaya su ke nufi ba, kama kawai suka yi. Ta huɗu, bambancin daraja: wata tana ɗaukaka abu, wata tana ƙasƙantar da shi. Kuskure a ta farko da ta biyu ya kan tsaya ga ruɗani ko dariya. Kuskure a ta uku da ta huɗu kuwa yana iya jawo hasarar dukiya ko ta mutunci.

Amfanin gona da itatuwa

Mu fara da "corn". A Ingila, tun da can, ma'anarta hatsi, kowane iri ne babban abincin ƙasa, galibi alkama. Dokokin nan da aka yi ta rigima a kansu a majalisar Ingila daga 1815 zuwa 1846, masu suna "Corn Laws", a kan alkama da 'yan uwanta aka yi su. A Amurka kuwa "corn" masara ce kurum. Saboda haka in ɗalibi ya karanta tsohon rahoton wani Razdan ya ga an ce ƙasar Bichi ta yi "corn" da yawa, ya fassara da masara, ya ɓata tarihi, gama gero da dawa a ke nufi. Haka kuma in ya rubuta "corn" yana nufin hatsi, Ba'amurke zai ga masara.

Dawa tana da suna biyu, "guinea corn" da "sorghum". Na farko shi ne na makarantun Nijeriya da na tsofaffin littattafai, na biyu shi ne na masana aikin gona da na cinikin duniya. Abu ɗaya su ke nufi, saboda haka mai karatu ne zai raba gardama: in takardar ta jarrabawar cikin gida ce, na farko ya isa, in kuwa za ta ƙetare teku, na biyu ya fi. Haka zancen ya ke ga riɗi, wanda a ke ce wa "benniseed" a Afirka ta Yamma, amma ɗan kasuwar Dawanau da ke neman mai saye a Japan ko Turkiyya sai ya ce "sesame". Gyaɗa ma haka, "groundnut" a nan da Ingila, "peanut" a Amurka.

Amma gero ba haka ba ne. "Millet" suna ne na tarin tsirrai dabam dabam, har da tamba, wani lokaci har da acca. Wanda ya ke son a gane geronmu sai ya ce "pearl millet", ko "bulrush millet" yadda tsofaffin littattafai su ke cewa. Ko da haka bai raba gero da maiwa ba, gama a wurin masana tsiro jinsinsu ɗaya ne, alhali a wurin manomi bambancinsu shi ne bambancin yunwa da ƙoshi: gero ke nuna da wuri ya fid da gida daga wahalar tsakiyar damina, maiwa kuwa sai kaka ta yi. A nan dole a ƙara siffa, a ce "early millet" da "late millet". 'Yan uwanmu na Maraɗi suna fama da irin wannan a Faransanci, inda "mil" ta kan haɗa gero da dawa a tsofaffin takardu.

Wake ya kan ba ɗalibai kunya. Sunansa na daidai "cowpea", amma su kan guje shi domin suna jin kamar an ce abincin shanu, su sa "beans". A cikin Nijeriya ba laifi, kowa ya gane. A waje kuwa "beans" wani tsiro ne dabam, ɗan asalin Amurka. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda ke da gonar gwaji a ƙasar Minjibir, da "cowpea" ta ke rubuta sakamakonta, kuma ɗalibin da bai san wannan ba zai yi ta neman littattafai a kan wake bai samu ba.

Akwai kuma sunayen da ke da mai su a wata ƙasa. "Locust bean" a Turai wani itace ne na bakin Bahar Rum, saboda haka ɗorawa sai an ce "African locust bean". "Sorrel" a Ingila wani ɗan ganye ne mai tsami, ba shi da dangantaka da yakuwa, ko da ya ke mutanen Jamaika da wannan suna su ke kiran zoɓo. Masana "roselle" su ke cewa, 'yan kasuwa kuwa "hibiscus". A irin wannan wuri ba abin da ya fi komawa ga sunan kimiyya, kuma J. M. Dalziel ya share mana hanya tun 1916 da littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa. Sai dai a tuna sunan kimiyya ma ya kan sake: gawo da a ke kira Acacia albida a da, yanzu Faidherbia albida ne.

Kayan aiki da aikin kansa

Ingilishi yana da "hoe" guda ɗaya inda manomin Dambatta ke da garma, da fartanya, da sungumi. In an ce "hoe", Bature ya kan hango wani abu mai doguwar ƙota wanda a ke tsaye a kankare ciyawa da shi a bayan gida. Waɗansu marubuta, da suka ga garma tana juya ƙasa tana ta da kunya, sai suka kira ta "hand plough". Suna da hujja ta wajen aiki, amma "plough" a kunnen baƙo dabba ko inji ke jan ta, kuma tun da garmar shanu ta fara yaɗuwa a Arewa a shekarun 1930, kalmar ta sami mai ita. Abin da ya fi sauƙi shi ne a bar "plough" ga garmar shanu, a bambanta sauran da aikinsu: "ridging hoe" garma, "weeding hoe" fartanya, "planting hoe" sungumi. Ƙa'idar a nan ita ce, in siffa da aiki suka yi karo, a bi aiki.

Kalmar noma kanta tarko ce. In an ce wane sana'arsa noma, "farming" ke nan. Amma in manomi ya ce ya gama shuka, saura noma, ciyawa ya ke nufin cirewa, watau "weeding". Ɗalibin da ya rubuta cewa mutumin ya gama shuka bai fara "farming" ba ya sa shi ya yi maganar banza. Haka huɗa "ridging" ce, ba a ce mata "digging". Harawa kuma ba "straw" ba ce, domin "straw" karan alkama ne marar ƙarfi wanda a kan shimfiɗa wa dabba, alhali harawar wake da ta gyaɗa abinci ce mai tsada, a kan ɗora ta bisa itace a adana, a sayar da bazara. "Hay" ta fi kusa da darajarta, "haulm" ta fi kusa da asalinta.

Gida da gandu

Gida ya kan zama "house", ko "home", ko "compound", ko "household", ko "family". "Compound" ba ta da asali a Ingila. Daga Malay ta fito, inda "kampung" ke nufin unguwa ko wurin da aka kewaye, Turawa suka ɗauko ta daga gabas suka kawo nan. Ita ce ta fi dacewa da ginin, watau katanga ko danga da zaure da ɗakuna a ciki. Amma mutanen ciki fa? A karkarar Kano gida ɗaya ya kan ƙunshi sassa da yawa, kowane magidanci da tukunyarsa. Polly Hill, a littafinta na 1977 a kan Ɗorayi, kudu maso yamma da birni, ta yi bayanin irin waɗannan manyan gidaje masu magidanta barjat. "Household" a wurin masu ƙidaya masu ci daga tukunya ɗaya ne. To, in mai tambaya ya juya "household" ya ce gida, aka ba shi amsa da ƙofar zaure, sai magidanta biyar su zama ɗaya a takarda, kuma ran da za a raba taki ko iri bisa wannan takarda, huɗu sun tashi a tutar babu.

Ɗaki misali ne na bambancin daraja. Tsofaffin littattafai "hut" su ke cewa, domin kowane ɗaki gini ne mai zaman kansa. Amma "hut" a Ingilishi bukka ce, wurin fakewa na ɗan lokaci ko na matalauci. Ɗakin uwargida, da jerenta da gadonta, "room" ne ta wajen aiki. Wanda ya zaɓi "hut" ya faɗi gaskiyar siffa, ya kuma ƙara raini wanda babu shi a Hausar.

Gandu ya fi duka wuya, gama a Hausa ma ma'anarsa ba ɗaya ba ce. Akwai gandun gida, inda uba da 'ya'yansa, ko wa da ƙannensa, ke noma babbar gona tare, maigida ya ɗauki nauyin ci da sauran lalurori, kowane kuma yana da gayaunarsa, wadda mutanen Maraɗi ke kira gamana. Akwai gandun sarki, babbar gonar sarauta, wadda bayi ke nomawa a ƙarni na 19. Akwai kuma gandun daji na zamani. "Family farm" ta kama gefen na farko, amma ta saki abin da ya fi muhimmanci, watau cewa gandu yarjejeniya ce tsakanin mutane, har a kan ce wane yana cikin gandu, ko ya fita gandu. Na biyu kuwa masana tarihi sun yi ta muhawara ko "estate" za a ce ko "plantation". Fanisau, a ƙasar Ungogo, inda Clapperton ya gana da Sarkin Kano Ibrahim Dabo a 1824, tana da irin waɗannan gandaye, kuma Mohammed Bashir Salau, a littafinsa na 2011 a kanta, "plantation" ya zaɓa. Zaɓen nan magana ce sukutum. "Estate" tana kawo hoton gidan gonar wani basarake a Ingila, ta ɓoye bayin. "Plantation" tana fito da bayin fili, amma tana jawo hoton gonakin auduga na kudancin Amurka, wanda sai marubuci ya tsaya ya nuna inda aka yi kama da inda aka saɓa. Wanda ya ɗauki ɗaya daga cikinsu ya ɗauki matsayi a muhawarar, ko ya sani ko bai sani ba.

Jingina, aro da mai gona

Yanzu mu koma ga takardar da na ba ajina. A jinginar gona, mai gona ya kan karɓi kuɗi ya miƙa gonar, mai kuɗi ya yi ta nomanta yana cin amfaninta har ran da aka fanshe ta, kuma abin da ya ci ba ya rage bashin. "Mortgage" a Ingilishin yau akasin haka ce: mai bashi yana nan zaune cikin dukiyarsa, yana biyan banki da ruwa a kan lokaci, in ya kasa a sayar. Abin mamaki, a Ingila ta ƙarni na 12 kalmar tana nufin kusan abin da jingina ke nufi, watau mai kuɗi ya riƙe ƙasa ya ci amfaninta bashi na nan, amma ma'anar ta juya tun da daɗewa, kuma da ma'anar yau alƙali zai karanta ta. "Pawn" ta kayan hannu ce, kamar agogo ko zobe, a kan kai wa mai kanti da wa'adi, in ya wuce kaya sun tafi. "Lease" haya ce, ba bashi a ciki. Saura "pledge", wadda ita ce ke nuna abin ya koma hannun mai kuɗi kuma ana iya fansarsa. Ita masana shari'a a Nijeriya ke amfani da ita, su kan ce "customary pledge", kuma kotuna sun tafi a kan cewa daɗewa ba ta hana fansa. Malaman fiƙihu suna da tasu magana a kan halaccin cin amfanin abin da aka jinginar, amma wannan wani babi ne. Abin lura a nan shi ne, jikan da ya zo fansar gonar kakansa bayan shekara talatin, kalma ɗaya a takardar fassara tana iya taimakonsa ko ta kā da shi.

Wani lokaci kuma Hausa ce ta fi yawan kalmomi. Aro, rance da bashi duk "loan" ne a Ingilishi, alhali aro abin da kansa a ke mayarwa, rance kuwa madadinsa. Aron gona ba haya ba ne, ko da mai aro ya kai wa mai gona damin hatsi da kaka don kyautatawa. In aka rubuta "rent" ga wannan dami, an mai da alheri ciniki.

Mai gona fa, "owner" ne, ko "holder", ko "occupier"? A 1908 wani kwamiti ya zauna a London a kan ƙasar Nijeriya ta Arewa, daga shawararsa aka yi dokar 1910 wadda ta sa ƙasa duka ƙarƙashin ikon Gwamna, ta bar wa talaka abin da ta kira "right of occupancy", watau haƙƙin zama da amfani. Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta bi wannan sawu, haka kuma dokar 1978 wadda ta game Nijeriya duka. Amma a karkarar Kano, inda ƙasa ta yi ƙaranci, an daɗe ana gadon gona, ana saye ana sayarwa, kamar yadda masu bincike suka tabbatar. Saboda haka a bakin mutane mai gona "owner" ne, a bakin doka kuwa "holder". Mai fassara sai ya san bakin wa ya ke ara. Yau da birni ke cin gonakin Ungogo da Dawakin Tofa ana yanka filaye, wannan bambanci ya wuce zancen aji.

Inda ya kamata a bar kalmar Hausa

Fadama ta sha sunaye: "swamp", "marsh", "flood plain", "valley bottom", "wetland". Biyun farko suna nuna wurin banza mai sauro wanda ya kamata a tsane shi. Ta uku tana bukatar babban kogi. Ta huɗu ta faɗi wuri ba ta faɗi ruwa ba. Ta biyar ta masu kiyaye tsuntsaye da halittu ce. Ba ɗaya da ta gaya wa baƙo cewa wannan ita ce ƙasa mafi tsada a ƙauye, inda a ke samun rake da albasa da tumatir da rani, da can da jigo, yanzu da injin ban ruwa. Da masana suka gaji sai suka bar kalmar yadda ta ke, har babban shirin noman rani da Gwamnatin Tarayya ta fara da Bankin Duniya a farkon shekarun 1990 ya ɗauki sunan Fadama. Ingilishi bai ƙi baƙuwar kalma ba, da haka ya sami "shea" da "harmattan".

Amma fa kada a mai da wannan mafakar ragwanci. Shafin da aka cika da kalmomin Hausa ba fassara ba ne. A bar kalma ne kaɗai in duk 'yan takarar Ingilishi za su ɓad da mai karatu, kamar fadama da gandu da gayauna. In an bar ta kuwa, a yi bayaninta sau ɗaya a farkon zuwanta, da jimla cikakkiya, sa'an nan a riƙe ta har ƙarshe ba sakewa.

Shawara ga malamai

Ga abin da na ke gani zai taimaka a kwalejojin horon malamai. Da fari, a hana ɗalibi tsayawa ga ƙamus mai harshe biyu. In ya sami kalmomi uku a jere, ya kai kowace ga ƙamus na Ingilishi zalla, ya karanta ma'anarta da misalanta, ya ga a wace ƙasa a ke faɗinta. Na biyu, kafin ya zaɓa ya amsa tambaya uku a rubuce: wa zai karanta, me zai gani a zuciyarsa, me zai faru in ya ga abin da ba shi ba? Na uku, a riƙa gwada fassara ta hanyar mayarwa, watau ɗalibi ɗaya ya juya zuwa Ingilishi, wani wanda bai ga asalin ba ya komo da ita Hausa. In jingina ta tafi ta komo haya, aji duka sun ga inda aka yi ɓari. Na huɗu, a fita da ɗalibai. Yini ɗaya a kasuwar Dambatta ko ta Bichi, suna tambayar manoma da dillalai sunan kowane abu da aikinsa, ya fi mako guda a aji, gama da ɗan gari a kan ci gari, kuma wanda bai san bambancin gero da maiwa a Hausa ba, ba ƙamus ɗin da zai fid da shi a Ingilishi.

A ƙarshe ina roƙon 'yan uwa malamai, musamman na ƙasashen Katsina, Sakkwato, Zazzau da Maraɗi, su tattara irin waɗannan kalmomi na wurarensu, domin Hausar ma ba ɗaya ba ce. Gujiya da Bakano ya sani ba ita ce ta Basakkwace ba, wanda ke kiran gyaɗa da wannan suna. In an tara su aka gwama, sai mu sami ɗan littafin da zai yi wa ɗalibanmu bayanin abin da waƙafin ƙamus ya yi shiru a kai.